Katin Baba Yana Cikin Akwati

Yanzu da hankalina ya kwanta ina iya ba da labarin nan har in yi dariya, amma wata uku da suka wuce, da ka kuskura ka ce mini "jirgin ƙasa" da sai mun tara jama'a a titi. Ni tela ce, shagona a jikin gidanmu yake, kuma ban taɓa sa kaina cikin masu bin diddigin abin da hukuma ke yi da hanyoyi ba. Abin da na sani ɗaya ne. Bas mai lamba goma sha huɗu, wadda duk unguwa ke kira Sha-huɗu, tana tsayawa a gaban rumfar mai gyaran takalmi, taku ashirin daga ƙofarmu, kuma tana sauke mutum a bakin ƙofar asibiti. A cikinta nake kai Baba wankin ƙoda sau uku a sati, yau shekara uku ke nan.

Wanda bai taɓa ganin mutum ya fito daga wankin ƙoda ba, ba zai gane abin da taku ashirin ɗin nan yake nufi ba. Zuwa da sauƙi, Baba har tsokanar mutane yake yi. Dawowar ce aiki. Yakan fito jikinsa sanyi ƙalau, ƙafafunsa na rawa, ko matakala uku aka ce ya hau sai ya tsaya ya huta a ta biyu. Ƙaramar mota kuwa ba ya iya lanƙwasa gwiwa ya shiga, balle a ce tasi zuwa da dawowa, hawa shida a sati, wannan ya fi ƙarfinmu. Sha-huɗu ce kaɗai ke ɗaukarsa daga ƙofa zuwa ƙofa ba tare da canjin mota ba.

Direbanta kowa Ba-sauri yake kiransa, don kalmar da ke bakinsa ke nan. Da ya ga tsoho ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya ce, "Ba sauri, Baba, ba sauri, motar taka ce." Mutum ne ƙato mai furfura a gemu, ga haƙuri kamar ba direba ba. Ya san wa ke zuwa asibitin ido, wa ke zuwa gashin ƙashi, wa ke karɓo maganin hawan jini. In bai ga mutum ba kwana biyu sai ya tambaya.

Wata safiya muka fito, sai na ga takarda manne a jikin ƙarfen tasha. Na karanta ta sau biyu. Wai hukumar sufuri ta yanke shawarar zuba ƙarfinta kan gina layin dogo, don haka za a dakatar da layukan bas marasa fasinja nan da wata uku, bayan an ji ra'ayin jama'a. A ƙasa aka jero lambobi, ga goma sha huɗu nan ta uku a jerin. 

"Me aka rubuta?" in ji Baba.

"Tallar magani ce," na ce masa.

Bai yarda ba.

To abin haushin, autanmu a hukumar sufurin yake aiki, a ofishin masu tsara hanyoyi. Ni na goya shi bayan rasuwar Inna, ni na ɗinka masa kayan makaranta tun daga na farko har na ƙarshe. Ran Asabar ya zo gaida Baba da kwamfutarsa a jaka, ban ko bari ya zauna ba.

"Auta, da hannunka a takardar nan?"

"Yaya, bari in sha ruwa mana."

"Za ka sha. Da hannunka?"

Ya zauna a kan bencin da masu kawo ɗinki ke zama, ya buɗe kwamfutar, ya shiga yi mini bayani kamar ɗalibarsa. Gaskiya ba shirme yake faɗa ba, sai daga baya na yarda da haka. Ya ce garin ya cika, motoci sun yi yawa, bas komai kyanta cikin cunkoso take tsayawa tare da kowa. Jirgi ɗaya yana kwashe mutanen bas goma, ba ruwansa da cunkoso, kuma in an gina shi jikokinmu ma za su hau. Ya ce ba za a iya riƙe komai lokaci ɗaya ba, dole a saki wani abu.

"Yaushe za a gama jirgin naku?"

"Shekara bakwai, in komai ya tafi daidai."

"Shekara bakwai! Ka je ɗaki ka kalli ubanka ka gaya masa ya jira shekara bakwai. Ina za a sa tashar ma?"

Ya nuna mini a taswira. Bayan kasuwa, tafiyar rabin awa ga mai lafiya, kuma a sama za a gina ta.

"Yaya, ni ma ubana ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma dubi nan. Sha-huɗu mutum arba'in da ɗaya take ɗauka a rana. A rana fa gaba ɗaya. Mota ce ke yawo ba kowa a ciki."

Na yi dariyar takaici. "Arba'in da ɗaya? A sahu ɗaya ma mun fi haka. Jiya a tsaye na je na dawo."

"Na'ura ba ta ƙarya, Yaya."

"Oho, ni ce ke ƙarya ke nan."

"Ban ce ba."

"Ka ce mana! Ɗauki allonka ka fita mini daga shago, ɗan jirgi kawai."

Ya fita kuwa, ko ruwan bai sha ba. Sati biyu ban ɗaga wayarsa ba. Na ajiye takardar koken kada a cire Sha-huɗu a kan teburin yanka, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sa hannu kafin in auna ta. Wata ta ce ita jirgi take so, don awa biyu take yi a hanya kafin ta kai wurin aiki. Na ce ta kai wa jirgin ya ɗinka mata. Na san ban kyauta ba, daga baya na kira ta na ba ta haƙuri.

Baba ne ya gaji da mu. Wata Laraba ya kira Auta da kansa ya ce, "Yau kai za ka kai ni asibiti." Ni kuwa na ce ai ba zan sakar masa Baba shi kaɗai ba, mutumin da bai san inda ake ajiye bargon da Baba ke rufa da shi in sanyi ya kama shi ba. Haka muka fita mu uku, ba mai yi wa wani magana.

Sha-huɗu ta zo, ƙofa ta buɗe. A gefen direba akwai wata 'yar na'ura da ake ɗora kati a kai ta yi ƙara, ƙit. Masu biya suna da nasu katin. Tsofaffi da marasa lafiya da masu raka su kuwa hukuma ta ba su na kyauta, mai hoto. Baba ya ɗaga ƙafa, Ba-sauri ya ce, "Ba sauri, Baba," ya ɗora tafin hannunsa a kan na'urar kamar kullum, ya yi mana alama da kai mu wuce. Muka wuce. Auta ya zaro katinsa na ma'aikaci ya ɗora, ƙit, sannan ya tsaya yana kallonmu.

Motar cike take, sai a tsaye ya samu wuri. Ina lura da shi ta gefen ido. A tasha ta gaba tsofaffi biyar suka hau, ba ƙara ko ɗaya. A ta gaba wata mata ta hau da mijinta makaho, shiru. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta ɗora nata, ƙit. Na ga leɓen Auta na motsi, ƙirga yake yi. Can ya sunkuyo wurin Baba.

"Baba, ina katinka?"

"Yana gida."

"Ina a gida?"

"Cikin akwati, tare da takardar gida da ta sallamata daga aiki."

"Me yake yi a akwati?"

Baba ya kalle shi kamar ya yi tambayar wauta. Shekara talatin Baba ya yi yana kula da sito a wani kamfani, kuma a wurinsa duk abin da ke da hatimi ba a yawo da shi.

"Abin hukuma ne, da hotona a jiki. In riƙa yawo da shi ya ɓace? Ko ledarsa ban cire ba."

Auta ya juyo gare ni. "Yaya, naki na mai rakiya fa?"

Na kawar da kai ina kallon taga. Nawa yana cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin maɓallai, ban taɓa fito da shi ba.

Mai gyaran takalmin ƙofar gidanmu yana bayanmu a zaune, shi ma tsoho ne, asibitin ido zai je. Ya ce, "Au, katin nan mai hoto? Ai yana da amfani ƙwarai, da shi nake shafa gam." Motar ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce ita nata ta sa a bayan madubi. Kowa na dariya ban da Auta, ban da ni. Na riga na gane, kuma kunya ta rufe ni har wuya.

Da muka shigar da Baba aka ɗora shi a kan injin, muka dawo bakin ƙofar asibiti, inda Sha-huɗu ke hutawa minti goma kafin ta juya. Ba-sauri na zaune a matakalar motar yana shan shayi. Auta ya gaishe shi da ladabi, ya ce masa daga ofishin tsara hanyoyi yake, sannan ya tambaye shi me ya sa yake rufe na'urar.

"Ƙanena, kyauta ne fa katin nasu," in ji Ba-sauri. "Ban ci na kowa ba. Satin da aka kawo na'urar nan, wata tsohuwa hannunta na rawa, katin ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin matakala. Ta sunkuya ɗauka, ta kifa, goshinta ya fashe. A gabana. Tun ranar na ce ba tsohon da zai ƙara lalube a ƙofar motata. Abokin aikina mai karɓar motar da yamma ma na gaya masa haka."

"Baba direba, ba don biya kaɗai aka sa ta ba," Auta ya ce. "Da ita muke sanin akwai mutane. Duk wanda bai ɗora kati ba, a wurinmu bai hau ba. Shekara uku ofis na ganin motarka ba kowa."

Ba-sauri ya ajiye kofin a hankali. 

"Ke nan ni na kashe layin," ya ce.

Na ce to ai da sauƙi, daga gobe kowa ya fito da katinsa. Auta ya girgiza kai. Ya ce an riga an rufe lissafin shekarar da aka yi hukunci da shi, kuma in lamba ta yi tsalle daga arba'in zuwa ɗari uku bayan an manna takarda, cewa za a yi mun haɗa baki. Sai dai wani ya tashi a taron jin ra'ayi ya faɗi dalilin. Ya ƙara da cewa, a dokar aiki, direban da ya bar fasinja ya wuce bai ɗora kati ba ana iya hukunta shi, har a raba shi da mota.

Allah ya sani, a zuciyata so nake Ba-sauri ya je taron ya faɗa. Baba nake gani, ba shi ba. Amma bakina ya kasa roƙon mutumin da ya shekara uku yana jiran ubana ya zauna kafin ya ja mota. Ba-sauri ya duba agogo, ya ce lokaci ya yi, ya hau ya tafi. Kwana tara tsakanin ranar da taron, kullum muna gaisawa, ba wanda ya ƙara ta da maganar. Na rame a kwanakin nan, har na yanka wa wata hannun riga biyu duk na dama.

Ranar taro zauren ya cika. 'Yan jirgi a gefe ɗaya, 'yan bas a ɗaya gefen, kamar an raba da igiya. Wani malamin makaranta ya ce duk garin da ya ƙi jirgi zai shaƙe da hayaƙi. Wata mai shago ta ce bas tana zuwa inda mutum yake, jirgi kuwa sai ka je inda yake. Aka yi ta tafi, aka yi ta ihu. Da aka zo kaina, minti biyu aka ba ni, na ɓata ɗaya da rabi ina faɗa da wani mai jar hula da ya ce in zauna. Ban faɗi ko rabin abin da na shirya ba aka karɓe lasifikar. Na dawo na zauna kusa da Baba ina huci, na ce shi ke nan, na kashe mu da bakina.

Sai na ji murya daga baya. "Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya."

Ba-sauri ne, cikin kayan aikinsa, an goge su tsaf. Shugabar taron, wata mata mai tabarau da ba ta yi murmushi ba tun da aka fara, ta ce ya matso. Ya faɗi lambar motarsa, ya faɗi abin da yake yi da tafin hannunsa, ya faɗi tun yaushe. Bai yi kwana-kwana ba, bai kuma ambaci abokin aikinsa ba.

"Ka san abin da maganar nan za ta iya jawo maka?" ta tambaye shi.

"Na sani, ranki ya daɗe. Kuskuren nawa ne. Kada a cire musu mota saboda ni."

"Wa zai tabbatar da abin da ka faɗa?"

Ban san Baba ya zo da katinsa ba. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya sa hannu a aljihu ya zaro ambulan, ya fito da katin yana sheƙi cikin ledarsa, ya ɗaga sama. "Shekara uku, sau uku a sati," ya ce. "Ga shi nan sabo fil." Mai gyaran takalmi ma ya ɗaga nasa, duk gam ya bushe a jiki. Zauren ya fashe da dariya, har 'yan jirgi, har mai jar hular. Shugabar ta cire tabarau ta goge ido. Sai Auta ya miƙe daga cikin ma'aikatan hukumar, a gaban manyansa, ya ce ya hau motar da kansa, ya ƙirga mutum hamsin da biyu a sahu ɗaya, na'ura ta ƙirga shida.

Aka ba da umarni a sa mutum ya zauna cikin Sha-huɗu sati biyu yana ƙirga kawuna da hannu. Wata mata aka turo da ɗan littafinta, ranar farko ma sai da ta ba wata tsohuwa kujerarta ta ƙarasa ƙirgar a tsaye.

Ranar da sakamako ya fito ina kan keke, wayata ta yi ƙara. Auta ne.

"Yaya, kina zaune?"

"Faɗi mana, kada ka kashe ni."

"Ɗari uku da goma sha bakwai a rana. An cire ta daga jerin. Jirgin za a gina shi, amma Sha-huɗu na nan, in an gama ma za a ƙara mata hanya ta kai har tashar."

Na ɗora kaina a kan keken na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar da likita ya fara ce mana ƙoda. Matar da ke jiran ɗinkinta ta tsorata, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na ce mata a'a, bas ce. Ranar na ci abinci har na ƙara, na kuma ce wa Auta ya zo ya sha ruwan da na hana shi.

Ba-sauri bai tsira haka nan ba. An ba shi takardar gargaɗi, an dakatar da shi sati ɗaya. Da na je ba shi haƙuri ya ce in bar shi, rabonsa da hutun sati guda har ya manta. A satin nan na tattara ƙyallayen da suka rage a shago na ɗinka 'yan jakunkuna masu igiya, daidai girman kati, a rataya a wuya, ba lalube ba sunkuyo. Guda tamanin na yi, na ba mai gyaran takalmi ya raba a tasha. Shi sai da aka yi masa sabon kati, na'ura ta ƙi karɓar mai gam.

Ran Litinin da Ba-sauri ya dawo, muka fito da Baba. Da kyar na shawo kansa ya cire ledar, ya kuma sa na yi wa igiyar tasa ɗinki biyu. Ƙofa ta buɗe. Na ga hannun Ba-sauri ya taso zai rufe na'urar don sabo, sai ya tuna, ya mayar da shi kan sitiyari.

"Ba sauri, Baba," ya ce.

Baba ya hau matakala ɗaya, ya huta, ya hau ta biyu. Ya kamo jakar da ke wuyansa, ya kai ta gefen na'urar, bai dace ba. Na miƙa hannu zan taimaka, ya ture ni. Mutane na bayanmu a layi suna jira. Ya sake gwadawa. Ƙit.

Ya ɗago ya kalli direban. "An ƙirga ni?"

"An ƙirga ka, Baba."

Baba ya gyaɗa kai, ya mayar da katin cikin riga, ya wuce kujerarsa ta gaba. Na ɗora nawa na bi shi da bargo.